Ranar Da Na Zama Fasinjan Illa

Ba zan taɓa mantawa da wata Alhamis ba, cikin makona na uku da fara aiki a jami'a a Tawa. Ko na so in manta ma ba za a bar ni ba, don har yau akwai magidanta masu gemu a garin nan da ba su san sunana na yanka ba, sai dai su ce Mushe Fasinja (Mushe daga Faransanci ne, kamar a ce Malam).

A lokacin jami'ar ba ta kai yadda take yanzu ba. Gine-gine 'yan kaɗan ne a tsakiyar fili, rairayi ko'ina, ga jajayen duwatsun nan na Adar masu cin takalmi. Itatuwan bedi, wato dogon yaro, da ɗalibai ke kwanciya a inuwarsu yau, a lokacin ko tsawon mutum ba su kai ba, an kewaye kowanne da ƙaya saboda awaki. Awakin unguwa kuwa sun fi wasu ɗaliban zuwa a kan lokaci. A bakin ƙofa akwai Baba Agali mai gadi, dattijo daga arewa, da rawaninsa da 'yar butar shayinsa da ba ta sauka daga kan garwashi. Duk ma'aikacin da ya shigo da safe sai ya tsaya ya kurɓi kofi guda, a nan ake jin abin da ya faru jiya, har da wanda zai faru gobe. Kowa ya san kowa. In aka yi haihuwa a gidan mai share aji, har manyan malamai sai sun je suna. Ina kewar wancan zamanin ƙwarai.

Ni kuma ɗan Bambeye ne, shekarata ashirin da shida, mutum na farko a gidanmu da ya taɓa samun aikin zama a kujera. An ɗauke ni na gwaji na wata uku a ofishin rajistar ɗalibai (mu dai sikolarite muke ce masa), a ƙarƙashin Madam Hadiza, mace marar yawan magana wadda kallonta ta saman tabarau ya ishi mutum wa'azi. Don in nuna na cancanta, sai na je wajen 'yan gwanjo na sayi baƙar kwat da wando wanda ya ɗan matse ni, da takalmi mai tsini, ƙasansa santsi kamar sabulu. Cikin zafin watan goma nake saka su kullum. Ina zufa kamar randa, amma a raina gani nake duk Adar ba wanda ya kai ni kama da ma'aikaci.

Ofishinmu yana saman bene, kuma hanyar hawa ɗaya ce: matakala ta siminti mai ƙarfen dafawa a gefe guda. Wannan ya sa ake yawan gardama a wajen shayin Baba Agali a kan ɗalibai da baƙi masu naƙasa. Wasu ma'aikatan na cewa bai kamata mu taɓa jikin kowa ba, don in ka ɗauki mutum ya faɗi a hannunka, wa zai ɗauki laifin? Wasu kuma na cewa wannan rashin imani ne, ina amfanin ganin ɗan'uwanka yana wahala kana riƙe da hannunka. Ni ina cikin kashi na biyu, kuma muryata ta fi ta kowa. Na taɓa dukan ƙirji na ce duk ranar da na ga irin haka a gabana, ko umarnin wa ba zan jira ba. (Ku lura fa, a lokacin ban taɓa zama na yi hira ta minti biyar da mai naƙasa ko ɗaya ba. Ra'ayi dai nake da shi, kuma mai ƙarfi.)

Alhamis ɗin da nake faɗa ita ce ranar ƙarshe ta rajista, za a rufe da sha biyu da rabi. Layin ɗalibai ya taso daga ƙofar ofis, ya bi baranda, ya sauko har ƙasa. Wajen sha ɗaya da rabi na fito baranda in sha iska, sai na hango wani saurayi ya iso gindin matakala a kan keken nan mai taya uku da ake tuƙawa da hannu. Daga baya na san sunansa Illa, ɗan Barmu, shan inna ta kama ƙafafunsa tun yana ƙarami. A wannan lokacin dai abin da na gani shi ne ya sauko daga keken, ya cusa dosiyensa, wato jakar takardunsa, cikin riga ta baya, ya zura silifa a hannayensa biyu, ya kama matakalar farko.

Da na ɗan tsaya na duba, da na lura da abubuwa. Da na ga yadda 'yan layi suka matsa gefe suna gaisawa da shi ba tare da wani ya miƙa hannu ba. Da na ga kafaɗunsa da damatsansa, kowanne kamar taɓarya. Shekararsa ta uku ke nan a jami'ar, ya hau benen nan fiye da yadda ni na hau shi sau ɗari. Amma ni ba wannan na gani ba. Na ga dama ce ta zo, ga kuma jama'a cike, har da 'yan mata. Na gyara wuyan kwat na sauko da gudu ina ture mutane.

Ko sallama ban yi masa ba. Na zagaya ta bayansa, na zura hannaye ƙarƙashin hammatarsa na cicciɓe shi sama.

Ya ce, "Mushe, mi kake yi haka? Aje ni, ina iyawa."

Na ce, "Kada ka damu, ɗan'uwa, aikinmu ne."

Ya sake cewa in ajiye shi, cikin natsuwa, har ya ƙara da don Allah. Ni kuma na ɗauka kunya ce irin ta mutanenmu, wadda za a ba ka abinci ka ce ka ƙoshi alhali hanjinka na kuka. Sai na ƙara ƙanƙame shi, na ce wa 'yan layi su ba mu hanya. Abin da ban yi lissafi da shi ba shi ne nauyi. Na zaci mutum marar ƙafafu masu ƙarfi ba zai yi nauyi ba. Ashe duk abin da ƙafa ta rasa, ƙirji da kafaɗa sun tara. Tun a matakala ta uku numfashina ya fara fita da ƙara. A ta shida takalmin nan mai tsini ya ci amanata.

Abin da ya biyo baya, sai daga bakin shaidu na ji shi daidai. Sun ce Illa ya miƙa hannu ɗaya ya cafke ƙarfen dafawa, ya juya jikinsa ya zauna daram a kan matakala kamar wanda aka ba kujera a gidan biki. Ni kuwa na yi baya, na sauko matakala shida da mazaunai, ƙafata ta dama ta lanƙwashe a ƙarƙashina. Na ji ƙara guda biyu. Ɗaya daga idon sawuna, ɗayar kuma doguwa ce, irin ta yadi in an yage shi. Wandon nan ya tsage tun daga ƙugu ta baya har gaba.

To, a nan sai na faɗi wata gaskiya. Da zan baro gida, Innata ta ba tela ragowar atamfarta ya ɗinka mini gajerun wanduna na ciki guda uku, wai don kada in ɓata albashi a kan abin da ba mai gani. Atamfar mai manyan furanni ce, ja da ruwan ɗorawa. Ranar dai an gani.

Dosiyen Illa kuma ya fice daga rigarsa lokacin da muke kokawa, takardu suka watse a rairayi. Wata akuya da ke kiwo a gefe ta zo ta ɗauki takardar haihuwarsa ta yi gaba. Baba Agali, da ya jiyo hayaniya, ya biyo ta da butar shayi a hannu yana yi mata faɗa da yarensu na Tamashek.

Kafin in gama gane inda nake, samari huɗu ko biyar sun yo kaina. Ba wanda ya tambaye ni komai. Biyu suka kama hannaye, biyu suka kama ƙafafu, kuma wanda ya fi su ƙarfi shi ya damƙi idon sawun da ya gurɗe. Na kurma ihu. Suka ɗaga ni sama, ƙafafu a buɗe, furannin Inna na kallon layin 'yan mata. Na ce su ajiye ni. Na ce don Allah su ajiye ni. Sai ɗayansu, cikin tausayi na gaske, ya ce, "Kada ka damu, Mushe, ba komi."

Ban taɓa jin magana mai daɗi da ta ƙona mini rai kamar wannan ba. Ina magana, ana jina, amma ba a saurarena. Na zama buhun hatsi mai baki.

Muryar Illa ce ta tsayar da su. Bai ɗaga ta sosai ba, ya ce su ajiye ni a hankali su ja baya, kuma suka yi. Ya sauko matakalar nan cikin ƙiftawar ido, ya matso kusa da ni. Abu na farko da ya yi shi ne ya ce wa Baba Agali ya kawo abin rufawa. Dattijon, wanda ko gobara ba za ta sa ya kwance rawaninsa ba, ya je ya ɗauko zanen da yake shimfiɗawa in zai yi shayi, ya lulluɓa mini daga ƙugu zuwa gwiwa. Sannan Illa ya dube ni ya ce, "Ina ne ke maka ciwo? In taɓa?"

Na gyaɗa kai. Ya kwance mini takalmin a hankali, ya latsa nan, ya latsa can, yana tambaya kafin kowace latsawa. Ya ce a ganinsa ba karaya ba ce, targaɗe ne, amma gara majo ya duba (majo shi ne ma'aikacin jinya na jami'ar). Ya ƙara da cewa in maganar ƙafa ce in yarda da shi, don ya daɗe yana nazarin ta.

Matsalar ita ce ɗakin shan magani yana can ƙarshen fili. Motar jami'a ɗaya ce, kuma ta fita. 'Yan kabu-kabu masu babur ɗin haya sai an je bakin titi. Samarin nan suka ce su ɗauke ni, na ce wallahi gara in kwana a wurin. Na gwada miƙewa, ƙafa ta ƙi. Sai Illa ya nuna kekensa. A bayan kujerar akwai wani katako da ya sa maƙeri ya ɗaura masa, inda yake ɗora littattafai, da buhun gero in ya dawo daga Barmu. Ya ce in na yarda, zai kai ni. In ban yarda ba, a jira mota.

Haka aka yi. Na zauna a kan katakon, bayana na jingine da bayansa, fuskata na kallon inda muka baro. Ina ɗaure da zanen shayi kamar mai jego, kwat a sama, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗayan a hannu. Wannan zama na kallon baya shi ne mafi muni, don duk wanda muka wuce sai mun haɗa ido da shi, kuma mu daɗe muna kallon juna. Duk layin rajista ya dawo baranda. Kamar wannan bai isa ba, muna isa daidai babban ɗakin lacca sai aka tashi daga darasi, ɗalibai suka yi ta kwararowa. Suka dare mana hanya gida biyu. Ba wanda ya yi dariya da farko, kuma shirun ya fi dariyar zafi. Sai wani daga baya ya ce, "Illa, yau ka samu fasinja?" A nan wurin ya fashe.

Illa ko a jikinsa. Yana juya hannun keken cikin rairayi, da nauyin mutum biyu, numfashinsa bai ko canja ba. Har hira yake yi mini. Ya tambaye ni ɗan ina ne, na ce Bambeye, ya ce ai yana da gwaggo a can, ya tambayi yadda damina ta yi a wajenmu, ko gero ya yi kyau. Ina amsawa ina roƙon ƙasa ta tsage.

Sai da majo ya ɗaure mini ƙafa na ɗaga kai na ga agogon bango. Ƙarfe ɗaya saura. An rufe rajista. Gabana ya faɗi fiye da faɗuwar da na yi a matakala. Yaron nan ya zo da lokacinsa, da takardunsa cikakku, da ƙarfinsa. Ni na tare shi, na watsa masa takardu, na ba akuya takardar haihuwarsa, kuma ya bar abin da ya kawo shi ya kai ni magani. In ya rasa shekarar karatu, ni ne. Na buɗe baki in ba shi haƙuri, sai hawaye. (Na ce wa majo zafin ƙafa ne. Bai yarda ba, amma mutumin kirki ne.)

Muna nan sai ga Madam Hadiza ta shigo, da babban littafin rajista a hammata da hatimi a hannu, Baba Agali na biye da ita da takardun da ya tsinto. Takardar haihuwar ta dawo, sai dai akuya ta cinye kusurwa ɗaya, ta bar suna da shekara. Madam ta dube ta, ta ce ta ga waɗanda suka fi wannan lalacewa a hannun mutane. A gefen gadon da nake kwance ta yi wa Illa rajista, ta buga hatimi. Sannan ta dube ni ta saman tabarau, ta daɗe, ta ce in na warke in sayi wando daidai da ni. Iyakar abin da ta ce ke nan. Na kwana uku ina jiran takardar kora, ba ta zo ba.

Mako na zagayowa aka kira taron ma'aikata a kan maganar. Masu cewa kada a taɓa kowa suka samu hujja, kuma hujjar na zaune a gabansu da sanda da ƙafa a naɗe. Abin kunya, ni ma na koma bayansu. Mutumin da ya doki ƙirji a wajen shayi, shi ne ya miƙa hannu ya ce a rubuta doka, kada ma'aikaci ya kuskura ya taɓa kowa. Amma Madam ta gayyato Illa taron, ta ce tunda maganar masu naƙasa ake yi, a ji daga bakinsu.

Bai yi dogon jawabi ba. Ya ce in aka hana taimako gaba ɗaya an cuce su. Ya ce da damina, in tayar kekensa ta nutse cikin laka a bakin ƙofa, Baba Agali yake kira, kuma dattijon ya san inda zai dafa ya tura ba tare da ya kifar da shi ba, don shi ya nuna masa. Ya ce akwai wata ɗaliba makauniya a ajinsu, ita tana son a yi mata jagora, amma ita za ta riƙe gwiwar hannunka, ba kai za ka ja ta ba. Shi kuma ba ya son a ɗauke shi, sai in shi ya nema. Sai ya juyo wajena yana murmushi ya ce, "Mushe bai yi laihi da ya so taimako ba. Laihinsa guda, na yi magana bai ji ba." Ya ƙare da cewa in ana so a taimake su da gaske, a sauko da teburi ɗaya ƙasa, kowa ya huta.

Aka sauko da teburin. Wa kuke tsammani aka zaunar a kai? Ni ne, tunda dama ba na iya hawa bene. Na yi wata ɗaya da rabi a gindin matakalar nan, daidai inda na faɗi. Sau biyu aiki ya tilasta mini hawa sama, kuma Illa ne ya koya mini yadda ake yi da zama, baya-baya, hannu na ɗaga jiki. Na isa sama ina haki, shi yana jirana yana cin gyaɗa.

A teburin nan muka zama abokai. In ya fito daga aji sai ya tsaya, Baba Agali ya kawo shayi, mu yi ta musu a kan kokawa da ƙwallo. Ya ba ni labarin yadda mahaifinsa ya riƙa goya shi zuwa lakwal, wato makarantar boko, a Barmu har ya kai shekara tara, da ranar da ya ce wa tsohon ya isa haka, daga yau zai je da kansa. Ya ce bai taɓa jin daɗi a duniya kamar ranar da ya isa aji shi kaɗai ba, gwiwa duk ƙura, tafin hannu duk ƙaya. A ranar na gane abin da na so in ƙwace masa a gaban mutane. A wajen na saba da makauniyar ma, da wasu da dama da a da nake wucewa ina tausaya musu daga nesa ba tare da na san sunan ko ɗaya ba.

Yanzu Illa malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare can arewa, da matarsa da 'ya'ya uku. Baba Agali ya koma wajen danginsa da raƙumansa, wani kamfanin tsaro ne ke gadin ƙofa, ba shayi, ba hira. An shimfiɗa siminti a inda rairayi yake, an yi gangara mai sauƙin hawa a gefen matakala. Komai ya gyaru, amma wani lokaci in na tsaya a baranda sai in ji ina neman awakin nan.

Abin da na koya bai da yawa, kuma da tsada na saye shi. Ka yi sallama, ka tambaya, sannan ka tsaya ka ji amsa. In an ce e, ka tambayi yadda ake so. In an ce a'a, ka mayar da hannunka aljihu, ko da yana ƙaiƙayi. Kuma kafin ka ruga taimako, ka ɗan tambayi zuciyarka ko da za ka ruga in ba mai kallo.

Bara wani tsoho ya zo daga Kalfu ganin jikarsa ranar da za ta kare kundin digirinta, a wani sabon gini mai hawa biyu. Yana dogara sanda, ƙafa ɗaya na ja. Na gaishe shi, na ce, "Baba, ko in kama maka?" Ya ce a'a, ya gode. Sai na goya hannayena a baya, na bi gefensa a hankali, matakala bayan matakala, kamar mai rakiyar suruki. Shekaru sun ja, tumbi ya fito, zaman kujera ya yi aikinsa. Muna isa sama na dafa bango ina neman numfashi. Tsohon ya tsaya ya dube ni da kyau, ya gyara riƙon sandarsa, ya ce, "Ɗana, in kama maka?"

Na ce masa e.